Yadda ake gane reshen kifi a bishiyar dangin kifaye masu ƙashi

Kifaye masu ƙashi sun haura nau'i dubu 30, kusan rabin duk dabbobin da ke da ƙashin baya a duniya. Jin wannan adadi kan sa mutum ya ɗauka sai mai na'urar binciken DNA ne zai iya faɗin wane ɗan'uwan wane ne. Amma manyan rassan bishiyar da wuƙa da almakashi da gilashin ƙara girma aka fara gano su. Da binciken DNA ya zo, yawancin rassan gindi tabbatar da su ya yi, can saman bishiyar ne ya yi ta sauya wa dangi mazauni. Mai koyo a ƙasar Hausa kuwa ya yi sa'a, domin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru cike suke da wakilan tsofaffin rassan da ɗalibi a Turai sai dai ya gan su cikin kwalba.

Kayan aiki

Ɗanyen kifi za ka nema, wanda ba a kankare ba, ba a yanke masa fukafukai ba. Banda ba ta da amfani a nan, wuta ta riga ta cinye alamomin. A bakin ruwa irin na Yawuri ko Baga, ka haɗa gaiwa, gartsa, bargi ko miligi, dumi, tsage ko kawara, tarwaɗa, ƙurungu, karfasa da ƙaramin giwan ruwa. Mai tsawon santimita 15 zuwa 30 ya fi daɗin aiki. Sai farin tire, almakashi mai tsini, reza, hantsaki, allura, gilashin ƙara girma mai ninki 10, rula da fensir. Sunan kifi yana sauyawa daga gari zuwa gari, wanda ake kira gartsa a nan, gwando ne a can, bargi kuma wasu balli suke ce masa. Don haka duk sunan da masunci ya ba ka, rubuta shi tare da sunan garin.

Ƙa'ida guda ce ke riƙe da aikin, wadda masanin ƙwari ɗan Jamus Willi Hennig ya shimfiɗa a 1950: kama ba ta tabbatar da dangantaka, sai in sabuwar alama ce da kaka ɗaya ya fara samu ya gadar wa zuriyarsa. Ido biyu ba ya sa mutum biyu su zama 'yan gida ɗaya, tun da kowa na da su. Tsagar gadon da ke kuncinsu ita ke faɗin gidan. Saboda haka daga gindi ake farawa, ana hawa reshe bayan reshe, kada a tsallake.

Ƙashi ko guringuntsi

Ɗaga gefen kan kifin. In ka ga marfi ɗaya mai tauri a kowane gefe, ya rufe jan kunnen da kifi ke numfashi da shi, to mai ƙashi ne, dangin da masana ke kira Osteichthyes. Masu guringuntsi, irin su shak, ramuka biyar zuwa bakwai gare su a jere, babu marfi. Muna da guda a ruwanmu, kunamar ruwa ta Binuwai da Kwara, mai faɗi da ƙaya a wutsiya, wadda aka yi wa suna na kimiyya a 1962 daga sunan garin Garwa na Kamaru. Ramukanta biyar suna ƙarƙashin jiki. Ko ba ka same ta ba, rubuta ta a saman takardarka, ita ce baren da za ka riƙa awo da ita: duk alamar da ita ma take da ita, tsohuwa ce, ba ta raba gardama tsakanin masu ƙashi.

Ɗaya daga cikin tsofaffin kifaye masu ƙashi da aka samu gangar jikinsu a haɗe cikin dutse shi ne Guiyu, daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, mai kimanin shekara miliyan 420. Tun a lokacin dangin sun riga sun rabu gida biyu, kuma rabuwar nan ce abin dubawa na gaba.

Fukafukan ƙirji da na ciki

Buɗe fiffiken ƙirjin karfasa ka ɗaga shi a haske. Fata ce siririya da aka shimfiɗa a kan tsinkaye, naman da ke motsa shi kuma yana cikin jiki. Wannan shi ne gidan Actinopterygii, masu fiffiken tsinkaye, inda kusan duk kifayen duniya suke. Ɗaya gidan, Sarcopterygii, fiffikensu na da ƙashi a jere a tsakiya, kuma ƙashi ɗaya tak ne ke haɗa shi da kafaɗa. Kifayen da suka rage a raye a wannan gida nau'i takwas ne kacal: masu huhu shida, huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya, sai nau'i biyu na wani babban kifin teku da ake kira silakant. Shi silakant an ɗauka ya ƙare tun shekara miliyan 66, sai ga shi a komar masunta kusa da East London ta Afirka ta Kudu a Disamban 1938. An samu na biyu a tsibiran Komoros a 1952, daga baya aka gano wani nau'in a Indonesiya.

Gaiwarmu, Protopterus annectens, 'yar wannan gida ce. Kafin ka taɓa ta, ka tabbatar ta mutu, domin bakinta faranta ne na haƙori masu kaifi, in ta kama yatsa ba ta saki da wuri. Fukafukanta huɗu sun koma kamar igiyoyi, ɓawonta ya nutse cikin fata, fiffiken baya da na ƙasa sun zarce sun haɗe a tsinin wutsiya. Tsaga cikinta daga dubura zuwa maƙogwaro da bakin almakashi yana kallon sama, don kada ka huda hanji. Kawar da hanjin gefe, za ka ga dogayen huhu biyu kwance a jikin ƙashin baya. Yanka guda ka duba da gilashi, cikinsa saƙa ce ta ƙananan ɗakuna. Sannan ka bi bututunsa da allura zuwa gaba: yana zagayawa ya shiga maƙoshi ta ƙasa. Riƙe wannan da kyau, don jakar iskar da ke sa sauran kifaye yawo a ruwa ta saman maƙoshi take fita. Masana na ganin huhu ne ya riga, jakar iska daga baya ta samu.

Da wannan huhu gaiwa ke kwana cikin busasshiyar laka wata da watanni, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, tana rayuwa da naman jikinta har ruwa ya dawo. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. A lissafin masana, daga wannan gida ne dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito, shaidar da aka fi ambata kuwa ita ce ƙasusuwan wani kifi da ake kira Tiktaalik, mai shekara miliyan 375, da aka tono a arewacin Kanada a 2004. Ma'ana gaiwa ta fi kusa da kwaɗo fiye da kusancinta da tarwaɗar da suke kwana a laka ɗaya.

Gartsa, inda aka fi faɗawa rami

Duba fiffiken ƙirjin gartsa. Gindinsa na da tsoka, an lulluɓe shi da ɓawo, kamar ɗan hannu. Cikinta kuma huhu biyu ne masu fita ta ƙasan maƙoshi, na dama ya fi na hagu tsawo sosai. Duk mai sauri zai haɗa ta da gaiwa, kuma ba shi kaɗai ba: masanin dabbobi ɗan Ingila Thomas Huxley ma a 1861 cikin masu fiffiken tsoka ya sa ta. Abin da zai fid da kai shi ne feɗe gindin fiffiken. Za ka tarar sanduna biyu ne suka taso daga kafaɗa suka buɗe, da faranti a tsakaninsu, tsinkaye kuma suka ɗora daga nan. Ba ƙashi ɗaya ba ne. Huhun kuwa tsohuwar alama ce ta masu ƙashi baki ɗaya, gartsa riƙe abinta kawai ta yi. Mazauninta shi ne reshe na farko da ya ɓalle a gidan masu tsinkaye, kuma DNA ya goyi bayan haka.

Sauran alamominta ba sa ɓuya. Ɓawonta mai kusurwa huɗu ne, mai kauri da sheƙi, kowane ɗaya na da ɗan ƙugiya da ke shiga ramin na kusa da shi, reza zamewa take a kai. Akwai faranta biyu na ƙashi a ƙarƙashin haɓa, da ƙananan ƙofofi biyu a saman kai da take shaƙar iska ta cikinsu. Bayanta jerin ƙananan fukafukai ne, kowane da ƙayarsa a gaba. Ƙirga su, su ke raba nau'i: Polypterus senegalus na da 8 zuwa 11, Polypterus bichir kuma 14 zuwa 18. Ka ɗaga kowane da allura, don na ƙarshe kan manne da wutsiya a manta da shi. In ka samu 'ya'yanta da wani abu kamar gashin tsuntsu a gefen kai, kunnen waje ne na ƙuruciya, yana ɓacewa in sun girma.

Wannan dangi a Afirka kaɗai suke, nau'i goma sha wani abu, har da mai siffar maciji da aka raɗa wa sunan Kalaba. Sanin yadda ƙwanta ke girma ya ci ran mutum: masanin dabbobi John Samuel Budgett na Jami'ar Kambirij ya yi ta zarya Afirka a kansa, sai a 1903 ya dace a yankin Neja Delta, ya koma Ingila zazzaɓi ya kashe shi a farkon 1904. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada sun rena gartsa wata takwas a kan tudu mai danshi, suka ga tafiyarta ta gyaru, ƙasusuwan kafaɗarta ma sun sauya.

Bayan gartsa akwai rassa biyu da ba mu da su: stajin da danginsa na ruwayen arewacin duniya, sai gar da bofin na nahiyar Amurka. Bar musu gurbi a zanenka ka wuce.

Baki da wutsiya

Duk abin da ya rage a tirenka Teleostei ne, gidan da ya kwashe kusan kashi 96 cikin 100 na kifayen duniya. Gwaji biyu ne. Ja leɓen ƙasa na karfasa, za ka ga muƙamuƙin sama ya zamo gaba. Na gartsa a kafe yake da ƙoƙon kai. Sannan ka dafa wutsiya minti biyar ka sule naman: daga waje sama da ƙasa daidai suke, amma a ciki ƙarshen ƙashin baya ya karkata sama, faffaɗan ƙasusuwa sun bazu a ƙarƙashinsa suna riƙe da tsinkaye.

Binciken DNA ya nuna kakan wannan gida ya ninka dukkan kundin gadonsa ya zama kwafi biyu, fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Ana yawan cewa wannan ne sirrin yawansu. Magana ce mai ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba, domin yaɗuwar da ta kai su dubbai ta zo ne can baya da nisa.

Leƙa cikin baki

Buɗe bakin miligi ko yauni, ka shafa harshe da rufin baki da allura. A dangin Osteoglossomorpha cizo tsakanin harshe mai ƙashi da rufin baki yake. A miligi za ka ji ƙananan haƙoran suna kama allura. Bargi kan ruɗa mutum a nan, don haƙoran rufin bakinsa sun shafe, ya koma tace abinci da wata gaɓa mai murɗe kamar katantanwa a saman kunnensa. Abin da ba ya ruɗi shi ne hanji: tsaga cikin ka ga ta wane gefen tumbi ya bi. A wannan dangi ta hagu yake wucewa, a yawancin sauran kifaye ta dama.

Bargi na da manyan ɓawo masu zanen saƙa, fiffiken baya da na ƙasa sun koma can kusa da wutsiya. Ɗan'uwansa mafi kusa ba ya Afirka, arapaima ne na kogin Amazon. Yauni, wanda ake kira ɗan sarki, ba shi da fiffiken ciki, ba na ƙasa, ba na wutsiya, sai dogon na baya da yake kaɗawa ya yi gaba ko baya yadda ya so. A jikinsa ne masanin dabbobi Hans Lissmann ya gano a 1951 cewa akwai kifin da ke fitar da wutar lantarki mai rauni, bugu kusan 300 a daƙiƙa, yana gane abin da ke kewaye da shi da ita cikin ruwa mai duhu. Dangin miligi, nau'i fiye da 200, su ma haka suke, gaɓar wutarsu tana siririn wuyan wutsiya. In ka fasa ƙoƙon kan miligi a hankali, girman ƙwaƙwalwar zai ba ka mamaki in ka gwada da ta karfasa mai girmansa.

An daɗe ana gardama ko wannan reshe ne ya fara ɓallewa a Teleostei ko kuwa reshen kifayen teku masu siffar maciji. Wani bincike na 2023 ya nuna su biyun 'yan'uwan juna ne, tare suka ɓalle.

Ƙasusuwan ji

Kafin nan, shafa cikin kifi daga wutsiya zuwa kai. In ya kama yatsa kamar zarto, dangin sadin ne, irin ƙananan kifayen da ake kamawa da yawa a tafkin Kainji, ko shawa ta ƙanƙara.

Kusan kashi biyu cikin uku na kifayen ruwan daɗi na duniya gida ɗaya ne, Otophysi, kuma alamarsu a ɓoye take a bayan kai. Ƙasusuwan baya huɗu na farko sun sauya, sun fitar da sarƙar 'yan ƙananan ƙasusuwa da ke ɗauko girgizar sauti daga jakar iska zuwa kunnen ji da ke cikin kai. Masani ɗan Jamus Ernst Heinrich Weber ne ya bayyana su a 1820. Don ganinsu, fara da dumi ko kawara. Tsaga cikin, ka lura jakar iskar ɗaki biyu ce da ɗan wuya a tsakani. Yanke kai tare da ƙashin baya shida na farko, ka sa a ruwan zafi mai ɗan motsi minti biyar zuwa goma. Kada ya tafasa da ƙarfi, in ba haka ba ƙasusuwan za su watse cikin ruwa ka rasa su. Tsince naman da allura a ƙarƙashin gilashi. A kowane gefe za ka ga ƙashi mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, bakinsa na taɓa gaban jakar iska, shi ne mafi girma a sarƙar. Kada ka fara da tarwaɗa, nata ƙasusuwan sun narke sun zama dunƙule ɗaya, sai wanda ya saba.

Cikin gidan, rabon da sauƙi. Dumi ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi. Nasa suna can maƙogwaro, jeri uku a kan bakan kunne na ƙarshe, wato lanƙwasasshen ƙashi na ƙarshe a jerin masu riƙe kunnen numfashi, sai ka zaro shi da hantsaki. Shi ne dangin da ya fara ɓallewa, kuma ya haura nau'i dubu huɗu. Tsage da kawara na da haƙora a baki da ɗan fiffiken kitse marar tsinke tsakanin fiffiken baya da wutsiya; danginsu ne firana ta Kudancin Amurka. Masu gashin baki marasa ɓawo kuwa su ne dangin tarwaɗa. Tarwaɗa fiffiken bayanta dogo ne har wutsiya, ba na kitse. Ramboshi rabin bayansa na tsinkaye ne, rabi na kitse. In ka ga mai ɗan guntun fiffiken kitse tsaka-tsaki, musamman daga gidan gona, mai yiwuwa haɗin su biyun ne da masu kiwo ke yi, kada ka sa shi a lissafi. Ƙurungu gashin haɓarsa na da rassa, ƙayoyinsa uku kuma suna kullewa, don haka ka karya su da filaya kafin ka fara. Minjirya ba ta da fiffiken baya mai tsinke sam, sai na kitse, babba kuma na iya bugu da wuta har bolt 350.

Masu ƙaya

Nan ne saman bishiyar, Percomorpha, nau'i kusan dubu 17, waɗanda yawancin yaɗuwarsu ta biyo bayan halakar da ta share dinoso shekara miliyan 66 da suka wuce. Alamomi uku za ka nema tare. Fukafukan ciki sun matso gaba sun zauna ƙarƙashin na ƙirji, galibi da ƙaya ɗaya da tsinke biyar. A dumi da tarwaɗa suna can tsakiyar ciki. Jakar iska ba ta da bututu zuwa maƙoshi. Sannan gaban fiffiken baya ƙayoyi ne na gaske.

Bambanta ƙaya da tsinke yana bukatar haske a bayan fiffiken. Ƙaya sanda ce ɗaya, ba gaɓa, ba reshe. Tsinke na da gaɓoɓi a jere, yawanci bakinsa ya rabu. Ƙayar ƙurungu, duk taurinta, tsinke ne da gaɓoɓinsa suka manne, don haka ba ta shigar da shi wannan gida. A rubuce ana sa ƙaya da lambar Rumawa, tsinke da lambar yau da kullum: XVII, 12 na nufin ƙaya 17 da tsinke 12. Tsinkaye biyu na ƙarshe in gindinsu ɗaya ne, ɗaya ake ƙirga su.

Karfasa da danginta, Cichlidae, hancinsu ƙofa ɗaya ce a kowane gefe maimakon biyu, layin gefen jikinsu kuma ya katse gida biyu, na sama da na ƙasa. Don raba nau'i, yanko bakan kunne na farko ka ƙirga 'yan haƙoran da ke ɓangarensa na ƙasa. Oreochromis niloticus, mai zane-zane a tsaye a wutsiya, na da 20 ko fiye. Coptodon zillii ba ya wuce 12. Giwan ruwa hancinsa ƙofa biyu ne, fiffiken bayansa ya lotsa a tsakiya da ƙaya 7 ko 8 a gaba, gefen kumatunsa na da zarto, ɓawonsa na kama yatsa in ka shafa daga baya. Yakan kai mita biyu da kilo 200.

Dangin karfasa su ne abin misali wajen saurin rabuwa. Tafkin Biktoriya ya bushe kimanin shekara dubu 15 da suka wuce, amma an same shi da nau'i kusan 500 da babu su a ko'ina. Da aka zuba giwan ruwa a cikinsa a shekarun 1950, an ƙiyasta kusan 200 sun ɓace. Akwai kuma wani abin lura: ganin dangin karfasa a Afirka da Kudancin Amurka kan sa a ce rabuwar nahiyoyin ce ta raba su, wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Sai dai tsofaffin ƙasusuwansu da aka tono a Mahenge ta Tanzaniya shekara miliyan 46 gare su, kuma lissafin DNA da yawa na nuna dangin bai kai nahiyoyin tsufa ba. Taswira kaɗai ba ta isa hujja.

Masu ruɗi

Tufi ba shi da ƙaya ko ɗaya, amma ɗan gidan masu ƙaya ne. Mazaunin fukafukan cikinsa ne zai gaya maka. Karfasa ɓawonta sumul yake duk da yawancin danginta na saman bishiyar masu kaushi ne, cihaki kuma ɓawonsa na da kaushi alhali ɗan gidan tsage ne, fiffiken kitsensa na nan. Talibambam ba shi da fiffiken ciki kwata-kwata, haƙoransa sun haɗe sun zama faranta huɗu. Shi kuma akwai dafi a jikinsa, ka wanke hannu da kayan aiki bayan ka gama. Titus na ƙanƙara na da 'yan fukafukai biyar a jere kusa da wutsiya, masu tuna wa mutum gartsa, sai dai ba ƙaya a gabansu, ɓawonsa ma ba irin nata ba ne. Rashin abu ba ya zama shaida da kansa, don sau da yawa zubar da shi aka yi a hanya.

Zana bishiyar

Ja layuka a takarda, sunayen kifi a gefe, alamomi a sama. Sa 1 in akwai, 0 in babu. Alamar da kunamar ruwa ke da ita, soke ta. Alamar da kifi ɗaya kaɗai ke da ita, kamar fukafukan bayan gartsa, tana gane shi amma ba ta haɗa shi da kowa. Da sauran za ka yi aiki, ka zaɓi bishiyar da ke bukatar sauyi mafi ƙaranci.

Gwada da shaƙar iska. Gaiwa, gartsa, bargi, yauni, tarwaɗa da tufi duk suna yi. In ka tara su reshe ɗaya, dole ka yarda ƙasusuwan Weber sun samu sau biyu, a tarwaɗa da a dumi, cizon harshe ma haka, matsowar fiffiken ciki ma haka. Lissafin ya yi tsada. Buɗe gaɓoɓin kuma ka gani: gaiwa da gartsa huhu, bargi da yauni jakar iska mai jijiyoyin jini, tarwaɗa wani jan abu mai rassa kamar bishiya a saman kunne, tufi ɗaki a saman maƙogwaro. Aiki ɗaya ne da kayan aiki daban-daban, ruwan fadama mai ƙarancin iska ne ya tilasta wa kowa nemo dabararsa. Wutar miligi da ta minjirya ma haka, kowace da asalinta. In ka yi daidai, gaiwa za ta fara fita, sai gartsa, sai bargi da miligi da yauni tare, sannan reshe biyu: dumi da tsage da tarwaɗa a ɗaya, sadin a gefensu, karfasa da giwan ruwa da tufi da talibambam a ɗayan.

Ajiye samfuri

In za ka kai kifin wurin masana, kamar cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ko sashen nazarin dabbobi na jami'a, bi wannan tsari. Ɗauki hoto tun launi bai gushe ba, gefen hagu, kai na kallon hagu, rula a ƙasa, fukafukai a buɗe da allura. Auna daga bakin hanci zuwa inda wutsiya ke lanƙwasawa, ban da fiffiken wutsiyar, don yakan gutsure. Yanki ɗan guntun fiffike na gefen dama, kamar rabin santimita, ka jefa cikin barasar asibiti mai ƙarfin kashi 95 ko 96. Da shi ake karanta guntun DNA mai harafi kusan 650 da ake gane nau'i da shi. Wannan kafin a sa kifin cikin fomalin ne, maganin hana ruɓa, domin fomalin na lalata DNA. Goge almakashi da barasa tsakanin kifi da kifi, in ba haka ba sakamakon wani zai fito da sunan wani.

Sannan ka haɗa fomalin na kanti kashi ɗaya da ruwa kashi tara. Kifin da ya wuce santimita 15 a tsaga masa gefen ciki na dama don maganin ya shiga, in ba haka ba hanji zai ruɓe ciki ya kumbura. Ruwan ya ninka kifin yawa sosai, kuma a kwantar da shi miƙe, don yadda ya sandare haka zai dawwama. Bayan mako guda a jiƙa shi a ruwa kwana biyu ana sauyawa, a mayar cikin barasa mai kashi 70. Fomalin na ƙona ido da hanci, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, don haka a waje ake aikinsa da safar hannu. Takardar bayani, mai ɗauke da wuri da rana da irin komar da sunan gari na kifin, da fensir ake rubuta ta a kan takarda mai kauri, a jefa cikin kwalbar. Tawadar biro narkewa take a barasa, wadda aka manna a waje kuma ɓallewa take. Lambar da ke kan takardar ita za ka sa a kwalbar guntun fiffiken da kuma sunan hoton.